A Tebaram, dare na kunne ne

Tebaram na yamma da birnin Tawa, inda gonakin geron Adar ke fara sakar wa makiyaya fili. Da rana baƙo zai ga rairayi da ƙaya, rumbunan laka masu ƙaton ciki, da shanu da raƙuma suna jiran ruwa a bakin rijiya. Amma sai bayan isha'i garin ke nuna gwanintarsa.

In ƙasa ta huce, iskar da ke kwance a kanta ta fi ta sama sanyi, don haka sauti kan lanƙwaso ƙasa maimakon ya tsere sama. Shi ya sa haushin karen rugar da ke nesa ke zuwa ras. A bayan gari na ga wani yaro makiyayi ya karkata kai, ya saurari kukan maraƙi sau biyu, ya kutsa cikin duhu ba tocila. Da maraƙin ya dawo.

Abin da yaron ya yi lissafi ne mai zurfi. Sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa, yana kuma isa kunne ɗaya kafin ɗayan da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Da wannan ɗan bambanci ƙwaƙwalwa ke raba dama da hagu. Sama da ƙasa sun fi wuya, sai da taimakon lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne da karkata kai. Wasu mujiyoyi ma an halicce su da kunne ɗaya sama da ɗaya, shi ya sa ɓera ba ya tsere musu a duhu.

Injiniyoyi wannan dabarar suka ara. Ana kafa makirufo aƙalla 4, ɗaya a ɗage sama da sauran, kwamfuta ta auna wanda sauti ya fara taɓawa da wanda ya biyo, ta fitar da wurin da ya taso: gefe, nisa da tsayi. Tun 1915 masanin kimiyya Lawrence Bragg ya jagoranci irin wannan aiki a rundunar Ingila don gano inda igwogin Jamus ke ɓoye. Yau da wannan dabarar ake bin sawun tsuntsaye a daji, ake kuma gano inda aka harba bindiga a wasu biranen Amurka.

Maganar nan ta fi nauyi a wannan yanki. Ranar 21 ga Maris 2021 'yan bindiga a kan babura suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, arewa da nan. Duk wanda ya san wannan zai gane dalilin da hira ke tsayawa cak in aka ji rurin babur cikin dare, kowa na auna daga ina ya taso, kuma ina ya dosa.

Na'ura ba ta kawo zaman lafiya, iskar hunturu na rikita ta, ƙura na toshe ta. Duk da haka makirufo ya yi araha, rana kuma ga ta nan don caji. Ina roƙon malamai da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa su gwada haɗa irin wannan na'ura da hannunsu, su kawo ta Tebaram, su fara da zama da makiyaya suna tambayar yadda suke saurare.