Idan Injin Ruwa Ya Yi Gurnani

Duk wanda yake zaune a gidan da ke da rijiya a unguwar nan ya san ƙarar injin ruwa kamar yadda ya san muryar ladanin masallacinsu. Wuta na dawowa, ko da ƙarfe biyun dare ne, sai wani ya ruga ya danna makunni, can ka ji ruwa yana zuba cikin tanki. Amma akwai wata ƙarar dabam: injin ya yi ta gurnani, ba ya juyawa, tanki shiru. A kan wannan gurnanin nake son mu yi magana, domin na ga yadda yake cinye kuɗin mutane a banza.

Gidanmu iyali bakwai ne, rijiya ɗaya. Ni aka ɗora wa karɓar kuɗin wuta da na gyara, don shagona yana bakin layi, alhali rabin mazan gidan tun kafin gari ya waye sun hau mota zuwa Abuja, ba sa dawowa Suleja sai bayan isha'i. Injinmu ƙaramin nan ne na saman ƙasa, mai ƙarfin rabin doki. Da damina ba mai kula shi, ruwan indararo ya cika mana durom da randa. Randar ma ta garin nan ce, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda a nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta yi suna da ginin tukwane. Sai da ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Oktoban bara aka tuna da injin. Aka kunna, ya yi gurnani.

Nan take shawarwari suka taso. Wani ya ce a bar shi ya ɗau zafi, zai tashi da kansa. Wani ya ce a kawo guduma. Mai gidan kuwa ta waya ya ce, "Ku kuka lalata, ku za ku gyara." Na zare wayar daga soket, na je na ɗauko dattijon nan mai naɗin kwayil a bakin titi.

"Baba, sannu da aiki. Injinmu ne ya mutu."

"Wa ya ce maka ya mutu, yaro? Ya yi ƙauri?"

"A'a, Baba."

"To da ransa."

Da ya zo, hancinsa ya fara kai wa jikin injin. Sannan ya cire murfin baya, ya kama fankar da hannu, ta ƙi motsi. Ya sa sukudireba a tsagin da ke ƙarshen sandar, yana murzawa dama da hagu a hankali, har muka ji ƙas! Ta saki. Da ya kwance noti na ƙasa, ruwan da ya zubo ja ne kamar kunun kanwa. Bayaninsa gajere ne: gangar injin baƙin ƙarfe ce, fankar cikin da ke tura ruwa kuma tagulla ce, tsakaninsu ɗan siririn sarari ne. In injin ya yi watanni a tsaye da ruwa a cikinsa, tsatsa da lallausan yashi suna cike sararin, sai ya cije. Aikin bai kai minti ashirin ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, gurnanin nan kansa ne yake kashe injin. Lokacin da ya kasa juyawa, yana zuƙar wuta ninki da yawa na abin da yake sha in yana aiki, fankar da ke sanyaya shi kuma a tsaye take. Zafi sai ya narkar da fentin da ke jikin wayoyin kwayil, su haɗe. Daga nan an bar maganar sukudireba, an shiga maganar sabon naɗi ko sabon inji. Wasu injinan suna da abin da ke katse wuta in sun yi zafi, amma ban ba kowa shawarar ya dogara da shi ba. Ka ji gurnani, ka ƙirga ɗaya zuwa biyar, bai tashi ba, kashe.

In kuwa fankar tana juyawa sumul da hannu amma gurnanin bai daina ba, to abu biyu ake zargi. Na farko kafasita, ɗan gwangwanin nan da ke cikin akwatin saman injin, shi ne yake ba shi tunkuɗar farko. Wani lokaci za ka gan shi ya kumbura, wani lokaci kuma lafiyayye a ido alhali ya mutu. Akwai lamba a jikinsa. Ɗauki tsohon ka je kasuwar IBB ka sayi mai lamba iri ɗaya, kada mai shago ya ce maka "wannan ma zai yi". A kiyaye, yana riƙe wuta ko bayan an zare soket, don haka wanda bai iya ba ya bar wa mai gyaran wuta. Na biyu, wutar ce ba ƙarfi. Injinan nan an yi su ne don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240. In ka ga ƙwan ɗaki ya yi ja kamar garwashi, fanka tana jan ƙafa, kada ka kunna inji, ko da tanki ya bushe. Haka ƙaramin janareta da aka riga aka ɗora wa firji.

Akwai kuma wanda yake juyawa lafiya, ƙararsa daidai, amma ba ruwa. Wannan iska ce ta shiga. A buɗe noti na sama, a ɗura ruwa har ya cika, a rufe, a kunna. In kullum sai an ɗura, to bawul ɗin da ke ƙarshen bututu a cikin rijiya ne yake yoyo, ko wani tsakuwa ya hana shi rufewa. Kada a bar shi yana gudu a bushe, robar da ke tare ruwa a jikin sanda za ta ƙone.

Nan ne nake jin takaici in bazara ta yi. A watan Maris da Afrilu ruwan rijiya yana yin ƙasa, inji ya daina ja, sai ka ga an tara kuɗi an sayo mai doki ɗaya ko doki biyu. Ba zai ja ba. Injin saman ƙasa, komai girmansa, ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, domin nauyin iska ne yake turo ruwan cikin bututu, kuma iyakar ƙarfinsa bai wuce mita 10 da ɗan kai ba. Wanda ruwansa ya wuce haka, sumo yake buƙata, wanda ake zura shi cikin ruwan.

A gidan haya, makunnin inji na kowa ne, shi ya sa ba na kowa ba. Maƙwabtanmu sau biyu suna ƙona kwayil a shekara ɗaya, kuma duk sau biyun yaro ne ya kunna ya tafi wasa. Kwana huɗu suna sayen ruwa wajen 'yan garuwa, jarka bayan jarka, matan gidan ne suka sha wahalar, ga kuma rigimar wa zai biya da ta kai har gaban mai unguwa.

Mu dai mun mayar da makunnin ƙofar ɗakin Hajiya, tunda ita ba ta zuwa ko'ina. Ita ke kunnawa, kuma ba ta matsawa sai ta ji ruwa ya faɗa tanki. Kowace Juma'a, ko ana tsuga ruwan sama, tana ba shi minti biyar don kada ya sake cijewa. Masu kulle gida su tafi Katsina ko Zamfara ganin gida na wata guda ko biyu kuma, Baba ya ce su kwance noti na ƙasa su tsiyaye ruwan cikin injin kafin su tafi, in sun dawo su juya fankar da hannu, su ɗura ruwa, sannan su kunna.