Gam Mai Tubu Biyu da Kwale-kwalen Madatsar Jibia

A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, Nijeriya ta rufe iyakarta da Nijar bisa takunkumin ECOWAS. A Magama, inda shingen kan iyakar Jibia yake, manyan motocin da ke bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi suka tsaya cik, abincin 'yan dako da masu shayi da 'yan acaɓa ya tsaya tare da su. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai wani saurayi da ya yi shekaru yana lodin buhuna a tashar. Da ya ga zaman ba shi da ranar ƙarewa, sai ya koma ga sana'ar da ya guda tun yana yaro, wato su, a kwale-kwalen mahaifinsa da ke madatsar ruwan Jibia.

An kammala madatsar a 1989 a kan kogin Gada, wanda idan ya tsallaka iyaka ake kiransa Gulbin Maraɗi. An tsara ta ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142 domin noman rani da ruwan sha, amma akwai gidajen da tarwaɗa da karfasar cikinta ne ke ɗora musu tukunya. Gidan saurayin na cikinsu.

Kwale-kwalen ya tsufa. Wani katako na ƙasansa ya tsage kamar tsawon kamu ɗaya, kuma duk fitar da za a yi sai an tafi da yankakkiyar jarka ta kwashe ruwa. Dattijon ya saba da maganin da ya gada: a cusa tsumma ko auduga da bakin wuƙa, a narka kwalta a bi ta kai, bayan 'yan makonni a sake. Ɗan kuwa ya ga yadda makanikan bakin iyaka ke toshe lagireto da wani gam mai tubu biyu, wanda ake haɗawa a gauraya ya daskare kamar dutse. Ranar kasuwa ya sayo shi.

"Baba, da kun bari na gwada wannan. Na ga ya riƙe lagireton tirela har Maraɗi."

Dattijon ba ya kama sunan yaron, domin ɗan fari ne. Ya juya tubun a hannunsa, ya ce, "Kai, tirela ba ta kwana a ruwa."

Duk da haka ya ƙyale shi. Da yamma suka jawo jirgin gaɓa, saurayin ya goge tsagar da tsumma, ya matso gam ɗin da ƙiyasin ido, ya shafa. Cikin 'yan mintoci ya yi tauri. Da asuba suka mayar da jirgin ruwa. A kwana na huɗu, suna tsakiyar madatsar tare da ƙanensa ɗan shekara goma sha ɗaya wanda bai iya iyo sosai ba, facin ya ɓalle gaba ɗaya kamar ɓawon ƙwai. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na kwasar ruwa, da ƙyar suka kai gaɓa. A gida aka yanke hukunci cewa gam ɗin jabu ne.

Mai yiwuwa ba jabu ba ne. Sunan wannan gam efoksi, kuma hanyar daskarewarsa daban take da ta gam ɗin kafinta. Na kafinta ruwan jikinsa ne ke bushewa ya bar danƙo. Efoksi kuwa sinadarai biyu ne, uwar danƙon da mai ƙarfafa ta, waɗanda ke sarƙewa da juna idan sun haɗu, su zama abu ɗaya mai tauri da ruwa ba ya narkarwa. Wani masanin sinadarai ɗan Suwizalan, Pierre Castan, yana cikin waɗanda suka gano shi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da yake neman abin yin haƙoran roba. A 1946 kamfanin Ciba ya fito da shi da sunan Araldite. Daga 1969 wasu 'yan'uwa maƙera jiragen ruwa a jihar Mishigan ta Amurka, 'yan gidan Gougeon, suka duƙufa kan sarrafa shi da katako, har ya zama kayan aikin yau da kullum a wannan sana'a.

Abin da waɗancan maƙera suka tabbatar shi ne ƙarfin efoksi yana rataye ne a kan abin da aka shafa shi. Yana kama katako ta hanyar kutsawa cikin ƙananan kafofinsa. Idan ruwa ya riga ya cika kafofin, gam ɗin zai daskare a sama kawai, ya yi kyau a ido, alhali bai kama komai ba. Shi ya sa suke son danshin katako ya sauka zuwa wajen kashi 12 cikin 100 kafin a fara, kuma jirgin da ya yi damina a ruwa ba ya kai wannan matsayi a dare ɗaya. Maiƙon kifi da tsohuwar kwalta ma suna shiga tsakani, sai an kankare su an bi da samfefa. Ruɓaɓɓen katako kuwa yanke shi ake yi, domin gam zai riƙe ruɓar, ruɓar ta saki jirgin.

Awo ma yana da hukuncinsa. Idan kwalin ya ce ɗaya da ɗaya, ƙara mai ƙarfafawa ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya bar haɗin da laushi. Nau'in da ke kamawa cikin minti huɗu ko biyar, wanda ya fi yawa a shaguna, bai kai mai jinkirin kamawa jure zama cikin ruwa ba. Zafi yana gaggauta shi: duk ƙarin digiri 10 yana rage lokacin aiki da kusan rabi, don haka a bazarar Jibia, inda zafi kan wuce digiri 40, haɗin na iya daskarewa a murfin gwangwani kafin a kai shi jikin jirgi. Hasken rana yana cinye shi sannu a hankali idan ba a rufe shi da fenti ba. Ba ya kama robar jarka da ta tankin ruwa, ko da yake yana kama busasshen siminti, abin da ya sa masu kiwon kifi ke toshe tsagar tafkunansu da shi. Yawan taɓa shi da hannu tsirara kuma yana jawo ƙaiƙayi da kumburin fata da kan zame wa mutum na dindindin.

Duk waɗannan sharuɗɗa suna komawa ga abu ɗaya, wato lokaci, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kuɗin tubu biyu ba shi ne tsadar gyaran ba. Tsadarsa ita ce kwana biyar ko mako guda da jirgi zai yi a kife yana shan iska, gida ba kifi, ba kuɗin cefane. Mai jirgi ɗaya, wanda ɗansa ya rasa aikin bakin iyaka, ba jahilci ne ke sa shi mayar da jiƙaƙƙen faci ruwa da asuba ba. Lissafi ne na wanda tuwon darensa yake cikin ruwan.

Ruwa kuwa ba sa'an kwando ba ne. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a jihar Kano, mutum kusan talatin suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin. Amma jirgin da ke yoyo ya riga ya ɗauki wani lodin da ba a ƙidaya ba, domin kowace lita ta ruwan da ya shiga kilo ɗaya ce, kuma tana gangarawa duk ɓangaren da jirgin ya karkata. Faci mai kyan gani da bai kama ba yana da haɗarin da tsumma ba shi da shi: tsumma yana tsiyaya kullum, yana tuna wa mai jirgi ya riƙe jarkarsa, shi kuwa yana sa a bar ta a gida.

Da hunturu ya kama a watan Janairu, dattijon ne da kansa ya sake ɗago maganar. Ya yi yarjejeniya da wani maƙwabcinsa masunci: za su riƙa fita a jirginsa har mako guda, a raba kamun. Suka kife nasu a inuwa, iskar hunturu ta yi aikinta. Saurayin ya kankare tsagar har ya kai lafiyayyen katako, ya buɗe bakinta kaɗan, ya samo nau'i mai jinkirin kamawa daga Katsina. Ya auna daidai, ya fara shafa tsinkakke domin katakon ya sha, sannan ya kaurara sauran da garin katako ya cike ramin. Ya ɗaura leda a hannunsa. Bayan kwana biyu suka bi da fenti.

Da ya juya zai shafe haɗin da ke tsakanin katako da katako, dattijon ya riƙe masa hannu.

"Nan bar min shi. Wannan wurin numfashi yake yi."

Gaskiyarsa ce. Katakan jirgi suna kumbura a ruwa, su tsuke a rani, kuma abu mai tauri da aka cusa tsakaninsu ko dai ya fashe ko ya tsaga su. Auduga da kwalta suna bin wannan motsi. Aka bar wa gam tsagar cikin katako, aka bar wa kwalta haɗin.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyakar, motoci suka fara wucewa ta Magama, saurayin ya koma lodi. Facin ya ga damina bai motsa ba. Dattijon yana fita da ƙaramin ɗan nasa yanzu, kuma kowace asuba, kafin su tura jirgin, yakan danna wurin da babban yatsa, sannan ya jefa yankakkiyar jarkar ciki.