Kwamfutar ƙungiya: abin da munka duba kafin mu biya kuɗi

Ƙungiyoyin asusu huɗu na unguwarmu sunka haɗu wuri guda, littattafan lissafi sunka yi yawa. Ranar rabo sai mu wuni muna tara lambobi: wa ta zuba, wa ta ɗauki bashi, wa ta biya. Shi ya sa munka ware wani abu daga ribar bara don sayen kwamfuta.

Gardamar farko ita ce, ta sawa cikin jaka ko ta ajiyewa bisa tebur? Ƴan mata sunka fi son ta jaka. Wata dattijuwa cikinmu ta ce: "Ku dakata, ɗiyana. Abin da ke shiga jaka, wata rana ɗan wata zai are shi, kunya kuma ta hana mu tambaya." Sai munka tsaya kan wadda injinta ke cikin allonta, jiki guda, waya ɗaya zuwa bango. Ba ta cin wuri, ba ta yawo gida-gida.

Amma irin wagga, galibi ba ta da batir. In wuta ta ɗauke, abin da ba a adana ba ya tafi. Don haka munka sa kuɗin akwatin riƙe wuta, wanda masu shago ke ce ma ondilar, cikin lissafi tun farko. Mintocin da yake ba ki sun isa ki adana aiki ki kashe ta lafiya, yana kuma kare ta in wuta ta dawo da ƙarfi.

A shago munka ce a kunna ta gabanmu, a rubuta garanti bisa takardar saye. Ku duba madannai kuma. Wanda ke zuwa ta Najeriya jerin Ingilishi gare shi, layin sama ya fara da Q da W. Sakatariyarmu a lakkol ta koya, da jerin Faransanci mai farawa da A da Z, shi munka zaɓa mata.

A ɗakin taro munka aza ta nesa da taga, da ɗan fili tsakaninta da bango don ta sha iska, musamman zafin Afrilu da Mayu. Lokacin hunturu, da an kashe ta sai a lulluɓe da zane saboda ƙura. Kuma tun da jiki guda ce, in allon ya lalace dukanta za a kai wurin gyara, da sirrin bashin mata a ciki. Kowane mako muna kwafe lissafin cikin kile, mai ajiya ta tafi da shi gida.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne lambar buɗewa. Akwatin kuɗinmu kwado uku gare shi, makullan na hannun mata uku. Haka munka yi ma kwamfuta: lambar kashi uku ce, kowace mai makulli ta danna nata. Mutum ɗaya ba ya buɗe ta shi kaɗai.

Har yau ana ƙirga kuɗi bisa tabarma gaban kowa, sakatariya ta karanta jimla da ƙarfi, don da yawa cikinmu ba su yi karatun boko ba, kuma kuɗinsu ne. In abin da ke allo ya saɓa da na tabarma, ba mu tashi sai an gano inda bambancin yake.

Allah ya sa albarka cikin asusunmu duka.