Gadon Jariri

Idan haihuwa ta matso, ido yakan fara sauka ne a kan ado: fenti mai sheƙi, leshi, tulin matasan kai. Nakan tuna cewa duk wannan don mu ne manya. Jariri bai san kyau ba; barci cikin lafiya yake buƙata.

Abin dubawa ba shi da yawa. Katifa ta zama mai tauri, ta cika gadon, kada ta bar kafa a gefe. Tazarar sanduna kada ta wuce santimita 6, don gudun jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. Gadon da gefensa ke sauka kuwa, Amurka ta hana sayar da shi tun 2011 saboda jariran da ya halaka. A kwantar da yaro rigingine, ba matashi, ba bargo mai kauri, a sauke masa gidan sauro.

Likitoci na ba da shawarar gadon ya zauna a ɗakin uwa aƙalla wata shida. Iyayenmu ma ba su nisanta jariri da mai jego. Gadon na kafinta ne ko na kanti, wanda ya cika waɗannan sharuɗɗa ya wadatar.