Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A ɗakin ƙungiyarmu ta ɗalibai akwai wata kwamfuta 'yar gwanjo da muka gada daga yayyenmu. Da ita muka buga kundayen digiri da wasiƙu ba adadi, ba ta taɓa yi mana gardama ba. Ranar da muka so sa mata sabuwar burauza, wato manhajar shiga intanet, sai ta ce atafau. Mai gyara ya duba, ya ce lafiyarta lau, illa dai ƙwaƙwalwarta Pentium III ce, zamani ya bar ta baya.

Dalili kuwa shi ne, a shekarar 2000 Pentium 4 ta zo da wasu sababbin umarnan lissafi da ake kira SSE2. Tsakanin 2014 da 2017 manyan burauzoji suka mai da su sharaɗi, domin hidimar tsofaffin na'urori na cin lokaci da ma'aikata, masu amfani da su kuma sun yi kaɗan. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai mu da aljihunmu bai kai sabuwa ba, muna cikin 'yan kaɗan ɗin nan.

A Amurka wani likita, Cameron Kaiser, ya ƙi yarda a binne irin waɗannan na'urori da rai. Daga 2010 zuwa 2021 ya yi ta renon burauzar TenFourFox domin tsofaffin kwamfutocin Apple masu ƙwaƙwalwar PowerPC, kusan shi kaɗai, har nauyin ya rinjaye shi.

Tamu dai tana nan tana buga takardu, mai son intanet sai ya ari waya. Allah Ya sa cikin 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta a sami mai irin wannan himma.