An Turo Min

Da muna yara, labari yana da lokacinsa. Bayan sallar asuba iyayenmu za su jawo rediyo, su miƙe eriya, su yi ta murɗawa har muryar Landan ta fito daga cikin ƙugin gajeren zango. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, ya girmi wasu daga cikinsu. In gardama ta kaure a majalisa, wani ya ce "a BBC na ji", sai kowa ya kama bakinsa.

Yau abin da ke kashe gardama shi ne "an turo min".

Mun fara ganin ƙarfin wannan kalma a watan Agustan 2014, 'yan makonni bayan Patrick Sawyer ya sauka Legas ɗauke da cutar Ebola. Mu uku ne a ɗakin haya a Kano, kowa da digirinsa na kwamfuta, muna koyon cin abinci da rubuta manhaja. Cikin dare wayoyi suka hau ruri: a tashi a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri kafin gari ya waye, a kuma sha. Dariya muka fara yi. Sai goggon ɗayanmu ta kira, muryarta na rawa, ta ce ta haɗa mu da Allah. Muka ɗora ruwa a risho. Da rana hukumomin lafiya suka ƙaryata maganar, amma a lokacin wasu sun riga sun kwanta asibiti, wasu ma sun rasu.

Abin kunyar shi ne mun san yadda abin yake aiki, sana'armu ce. Turawa dannawa ɗaya ce, bincike kuwa sai ka ƙona data da lokaci. Shi ya sa a 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya tak. Da gangan aka sa wa yatsa birki. Sai dai birkin bai san zauren dangi ba, inda wuri ɗayan nan ya ƙunshi mutum ɗari. Ga kuma saƙon murya, wanda ba shi da suna, ba kwanan wata, kuma shi ne jaridar duk wanda bai yi boko ba.

Ba za mu ce a jefar da waya ba. Ta cikinta muke jin ko hanya lafiya kafin mu shiga mota, da kuɗin buhun masara a Dawanau. Damuwarmu ita ce labari yanzu da fuskar ɗan'uwa yake zuwa. Kana iya ƙaryata gidan rediyo ka kwana lafiya. Yaya za ka ƙaryata ƙanin mahaifinka a gaban surukansa?

Kwanaki Kawu ya saka bidiyon wani hari a zauren gidanmu, wai jiya aka yi. Mun gane shi, ya fi shekara uku yana yawo. Muka rubuta gyara, muka goge, muka sake rubutawa. Daga ƙarshe muka kira shi a keɓe, aka gaisa, aka tambayi iyali da jiki.

"Kawu, Allah ya ƙara girma, bidiyon nan kamar tsoho ne."

Ya ɗan yi shiru. "To ai ni ma turo min aka yi, ɗana."

Har yanzu yana nan a zauren, da addu'o'i goma sha a ƙarƙashinsa.