Wa Ke Da Titi a Gangare?

A Hausar da muke yi a Gangare hanya ba iri ɗaya ba ce. Akwai titi, wato babbar hanya mai kwalta wadda motoci ke bi. Akwai layi, wanda ke ratsa tsakanin gidaje, mota na iya shiga amma sai direba ya yi a hankali. Sannan akwai lungu, inda ko Keke Napep ba ya shiga, sai mai ƙafa da mai kurar ruwa. Amma abin da ya ja hankalina tun da na fara nazarin harshe shi ne, ba mu da wata kalma guda ta wannan ɗan wurin da ake warewa a gefe domin masu tafiya a ƙasa. Sai dai mu ce gefen titi ko bakin titi. To, kuma idan mutumin Gangare ya ce maka wane yana bakin titi, ba tafiya yake nufi ba, yana nufin can ne wane yake neman abinci. Hukuma na kallon wurin a matsayin hanyar wucewa, mu kuwa harshenmu ma ya riga ya mai da shi kasuwa.

Ni ba Bahaushe ba ne. Kakana daga Ogbomosho ya zo Jos a zamanin haƙar kuza, kuma har yau Yarabanci muke yi a cikin gida. Hausa a waje na tsince ta, a bakin mai shayi da mai faci da masu kasa kaya, tun kafin in san akwai wani abu wai shi nahawu. Saboda haka idan ana maganar korar mutane daga titi, ni makarantata ta farko ake magana a kai, kuma wurin da kuɗin makarantata ta yanzu ke fitowa.

Mai karatu, wanda bai san Jos ba zai yi tsammanin haka kawai mutane suka ga dama suka baje kaya a kan hanya. Ba haka ba ne. Gangare na maƙwabtaka da Taminus, inda Babbar Kasuwar Jos take. An kammala ginin wannan kasuwa a 1985, tana da shaguna sama da 4,000, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. A watan Fabrairun 2002 gobara ta cinye ta. Bayan gobarar aka haife ni, don haka ni kangonta kawai na sani, sai kuma labarinta a bakin mahaifiyata, wadda take da shagon kwanuka da robobi a ciki. Washegarin gobara ba wanda ya daina jin yunwa. 'Yan kasuwa suka fito da abin da ya saura suka baza a titunan da ke kewaye, irin su titin Ahmadu Bello da na Murtala Mohammed da na Rwang Pam, da niyyar zaman wata biyu ko uku kafin a gyara. Zaman nan ya haura shekara ashirin.

Mahaifiyata ta daɗe da daina amfani da tebur. Buhu take shimfiɗawa, ta jera kaya a kai, domin idan aka yi ihun “ga su nan” sai ta kama kusurwa huɗu ta tattare gaba ɗaya ta faɗa lungu. Tun ina ɗan shekara goma na iya wannan ɗauri, kuma na san kayan da ake sawa a tsakiya da waɗanda ake bari a baki saboda ko sun zube ba za su fashe ba.

Dokar hana kasa kaya a titi ta sha zuwa ta sha komawa. Ranar 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu suka tashi a Taminus, mutane sama da 100 suka rasa rayukansu, da yawansu masu saye da sayarwa ne a bakin titi. Bayan haka aka tashi 'yan kasuwa daga wurin, amma sannu a hankali suka dawo. A watan Maris na 2024 kuma Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan dokar zartarwa mai lamba 003, wadda ta shafi gine-gine ba bisa ƙa'ida ba da zirga-zirgar ababen hawa, kuma Hukumar Raya Birnin Jos, wato JMDB, aka ɗora wa aiwatar da ita. Dokar ta hana manyan motoci shiga cikin gari daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare, ta kuma sa tarar naira 500,000 ga wanda ya karya. A ƙarƙashinta ne aka sake matsa wa masu kasa kaya, aka kuma gargaɗi masallatai da majami'u da su daina tare hanya a lokacin ibada.

Wannan na ƙarshe duk ɗan Jos ya san nauyinsa. Rikicin ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001 daga gardamar wucewa ta titin da aka tare domin salla ya faro, a unguwar Congo-Russia. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, akwai tsamin siyasa da ya daɗe yana taruwa kafin ranar, amma a kan titi aka ƙyasta ashanar. Garin da ya ga wannan ba zai ɗauki tare hanya da wasa ba.

Ba zan ce dokar ba ta da gaskiya ba don kawai ta taɓa tukunyar gidanmu. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai daren da naƙuda ta kama wata maƙwabciyarmu, muka samo mota, amma motar ta kasa shigowa layinmu. A baki ɗaya an kafa rumfar biki an jera kujeru an tafi barci, a ɗaya bakin kuma wani ya zube tifar yashi tun watanni yana jiran kuɗin siminti. A kafaɗa aka tallabo matar nan har bakin titi. Allah ya sa ta sauka lafiya, amma na sha tambayar kaina, da gobara ce fa? Ga masu tura shara cikin kwata, ga makanikai da suka mai da rabin hanya gareji, ga mai shagon da ya ƙara rumfa, gobe ya ƙara benci, jibi ya zuba siminti ya ce ai nan ƙofarsa ce. Yara 'yan makaranta da tsofaffi su ne ake turawa tsakiyar kwalta suna kauce wa keke.

Sai dai abin da masu rubuta doka ba su cika lura da shi ba shi ne, unguwa ma tana da tata dokar, ko da yake ba a takarda take ba. A tasowata, mai son kafa rumfar suna ko ta aure sai ya sanar da mai unguwa da maƙwabta, kuma dole ya bar gefen da mutum zai wuce. Idan aka yi rasuwa, mai biki shi da kansa yake janye kujerunsa. Idan aka ɗauko gawa, mai tebur yana ja da baya ba tare da an ce masa komai ba, direba kuma ya kashe rediyo. Mai shayi ba ya kafa teburinsa a ƙofar wani sai da izini, kuma shi ke share wurin da asuba. Wannan doka tana aiki ne domin mai karya ta zai haɗa ido da wanda ya cuta gobe da safe. Inda ta fara rauni shi ne inda baƙin fuska suka yi yawa, da kuma inda mai tare hanyar ya fi ƙarfin mai unguwa. Rumfar da ta hana motarmu shigowa ba ta talaka ba ce.

Abin da nake gani shi ne, dokar takarda ta san abin da take son hanawa, amma ba ta tanadi amsar tambayar da mahaifiyata ke yi ba, wato “in tashi in koma ina?” An nuna wa mutane wasu kasuwanni a gefen gari, amma mai sayen roba ta naira 500 ba zai hau keke biyu domin ya same ta ba, kuma kuɗin hayar shago na shekara ya fi duk jarin da ke kan buhunta. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta kawo shirin sake gina babbar kasuwar tare da bankin Jaiz, aka yi ta cece-ku-ce, shirin bai kai ko'ina ba. Ni a ra'ayina, a ja layi da fenti a ce daga nan zuwa nan na masu ƙafa ne, daga nan kuma na masu kasa kaya ne daga ƙarfe kaza zuwa kaza, a ba kowa lamba da rasit, a kuma sa masu unguwanni da shugabannin 'yan kasuwa cikin masu tsaron layin. Mai yashi da mai rumfa kuwa a ba su kwana uku, idan suka wuce a ci su tara daidai da yadda ake cin mai buhu.

Na faɗa wa mahaifiyata wannan shawara. Ta ce in dai za a ba ta rasit mai hatimi, kuma washegari wani ba zai zo ya ce bai san da shi ba, to za ta sa kafinta ya yi mata tebur.